Jatan Lande da Ƙaguwa Don Zaman Hira: Ruwan Ake Dafawa

Mu da muka tashi da naman sa da na rago, hannunmu ya saba da doguwar dahuwa. Ki ɗora ganda ko ƙafar sa, ki yi shara, ki yi wanka, ki yi La'asar, ki dawo ki tarar har yanzu da saura. Wannan sabon ne yake ɓata wa matanmu da yawa jatan lande da ƙaguwa a nan Legas. Sai a zuba su a tukunya tun ruwa bai yi zafi ba, a bar su rabin awa suna tafarfasa, wai don ƙarni ya fita kayan haɗi kuma su shiga. Ƙarshenta jatan landen ya ƙanƙance ya yi tauri, ɓawon ya manne da tsoka, gishirin ma bai ratsa ba. A wannan girkin, 'yar uwa, ruwan ne ake dafawa. Shi ake ba lokaci, shi ake juye wa kayan ƙamshi. Su abin ruwan leƙa tukunyar kawai suke yi.

Wannan dafaffen haɗin na jatan lande da ƙaguwa da dankali da masara da gidajen abinci na Lekki da Victoria Island suke kawowa a cikin leda, su caji mutum kuɗin da zai yi cefanen mako, salonsa daga kudancin Amurka ya fito, musamman jihar Luwiziyana, inda ake dafa shi a ƙatuwar tukunya a juye a kan tebur kowa ya sa hannu. Ba sai kin nemi garin yajinsu na kwalba ba. Citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kimba da man shanu duk suna cikin kicin ɗinki, kuma ni a bakina sun fi dacewa. Nakan yi shi idan 'yan adashinmu na Agege suka zo gidana ranar Lahadi, ko 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah lokacin da kowa ya gaji da ganin nama.

Kafin a je kasuwa, akwai maganar da za ta taso in dai kina da baƙi daga gida. Surukata da ta zo daga Kano ta ga ƙaguwa tana motsi a baho, sai ta ja baya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan abin ana cinsa kuwa?" Na ce, "Ana ci, Umma." A mazhabar Malikiyya da galibinmu muke bi, dabbobin ruwa halal ne, ba sai an yanka su ba. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ki iya haɗuwa da wanda zai ce shi ba ya ci. Wani kuma ba fatawa ce ta hana shi ba, ƙyanƙyami ne kawai, kuma wannan ba a gardama da shi. Ki tanadi 'yar kaza ko kifi a gefe saboda irinsu, kada ki takura wa kowa.

A kasuwa ne ake cin nasara ko a faɗi. Makoko ta fi kusa da mu 'yan wannan ɓangaren, Oyingbo ma ana samu, kuma tun da jirgin ƙasan nan na Red Line ya fara aiki a 2024, zuwa Yaba ko Oyingbo daga Agege ya rage wahala. Amma in da kaya za ki dawo, ni na fi son mota, kular ƙanƙara tana wajen ƙafata. Kasuwar kifi ta Oluwo da ke Epe ta fi yalwa, sai dai tafiya ce ta yini guda, ba wadda za ki yi ranar da baƙi za su zo ba. Ki yi sammako, ki tafi da kula da ƙanƙara a ciki. Ki gaida matan da ke sayarwa da kyau, "Mama" ko "Iya", ki yi ciniki ba tare da raina kayansu ba. In kika zama 'yar gida su da kansu za su riƙa ware miki na kirki.

Ƙaguwa da rai ake sayenta, babu sassauci a nan. Da zarar ta mutu namanta yake fara lalacewa, fiye da saurin kifi. Ki taɓa ta, in ta ɗaga hannuwan nan nata masu cizo, ita ce. Ki ɗaga ki ji nauyi: wadda ta yi sakayau ba ta daɗe da sake ɓawo ba, ruwa ne cikinta. In kin juya cikinta za ki ga wani marfi a ƙasa, na namiji siriri ne, na mace mai faɗi. Wadda kika ga ƙwai cunkus a ƙarƙashin marfin ki bar ta. Jatan lande kuwa hanci ne alƙalinsa. Warin ruwa kaɗan ba komai, amma in kika ji wani wari mai hawa kai, irin na fitsari, ki wuce ko da kyauta ne. Kan ya kasance a manne da jiki, tsokar ta yi tauri in kin danna. Baƙin da yake fara bayyana a kai da gaɓoɓi alama ce ya jima ba a cikin ƙanƙara ba. Kuma kada ki raina daskararre na shagunan sanyi irin na Ijora. Wanda aka daskarar tun yana sabo ya fi wanda ya yini a kan tire cikin rana. Ki dai narkar da shi a firji tun dare, ko ki ƙulle shi a leda ki tsoma a ruwan sanyi, ba ruwan zafi ba.

Ki sayi mai kai da ɓawo. Wanda aka riga aka ɓare bai dace da wannan girkin ba, don ɓawon ne yake kare tsokar daga zafi, shi ne kuma yake riƙe romon da za a tsotsa.

Ga abin da nake auna wa mutum 10: jatan lande kilo 3, ƙaguwa 15 zuwa 20 in ƙananan nan ne na Legas, ƙananan dankalin turawa kilo 2, masara ɗanya 6 a yanka kowace gida uku, ƙwai 10. Dankali da albasa da attaruhu, kin san hanya, Mile 12 ko wajen 'yan uwanmu na bakin titi. Masara sai da damina take wadata. In ba lokacinta ba ne ki bar ta, ki sa dankalin Hausa a madadinta, zaƙinsa yana tafiya da yaji sosai.

Gyaran yana cin lokaci fiye da dahuwar, don haka ki samu mai taya ki. Ƙaguwa ki binne ta cikin ƙanƙara kamar minti 20 zuwa 30. Sanyi zai kashe mata jiki, ba za ta cije ki ba, kuma ba za ta zubar da hannuwanta ba idan ta shiga ruwan zafi. Daga nan ki sa buroshi ki goge bayanta da cikinta da tsakanin ƙafafu, don laka tana maƙalewa a nan. Jatan lande ki sa almakashi ki datse gashin bakin da ƙayar da ke goshinsa, sai ki tsaga ɓawon ta baya tun daga wuya har kusa da wutsiya, ba tare da kin cire shi ba. Za ki ga wani baƙin zare kwance, hanjinsa ke nan, ki zare da tsinken sakace. Tsagar nan aiki biyu take yi: ta fitar da yashi, ta kuma buɗe wa gishiri da yaji ƙofa. Ki ɗauraye da ruwan sanyi da ɗan lemun tsami, ki tsane a kwando, ki mayar firji ko kula. Kada ki jiƙa shi cikin lemun tsami ya daɗe, tsamin yana sa tsokar ta fara tauri tun ba ta ga wuta ba.

Wasu suna son ƙara ƙananan dodon koɗin nan na ruwa da mutanen Kalaba ke sa wa a miya. Suna da daɗin tsotsa, amma lakarsu ba ta ƙarewa. In za ki sa, a datse musu gindi, ki wanke har ruwan ya fito fes, ki tafasa su daban ki zubar da ruwan farko kafin su shiga babbar tukunya.

To, yanzu ruwan. Ki samu tukunyar da za ta ɗauki lita 10 kuma ta bar sarari a sama, irin ta dafa shinkafar biki ƙarama. Wutar ma ta zama mai ƙarfi, gas mai babban kai ko murhun gawayi da ya kama sosai, don duk sanda kika zuba abu mai sanyi tafasar tana tsayawa, kuma ana so ta dawo da wuri. Gishiri cokali babba ɗaya a kowace lita, wato cokali 10, da dunƙule kamar 6. Na san hannunki zai yi rawa. Ki tuna ba miya kike yi ba, ba wanda zai sha ruwan nan, kuma abin da za ki dafa yana sanye da ɓawo. In kin ɗanɗana kika ji daidai da romon farfesu, to bai kai ba. Sai kin ji ya ɗan wuce misali.

Sai ki zuba manyan albasa 4 a raba biyu-biyu, tafarnuwa dunƙule 3 a yanke su ta tsakiya ba sai an ɓare ba, ɗanyar citta cikin tafin hannu biyu a daddaka, attaruhu 10 a jajjaga sama-sama, garin barkono cokali 3, masoro cokali 2 a ɗan fasa a turmi. Kanumfari ƙwaya 10 ya isa, ya fi haka sai ya danne komai. Kimba 4, ki buga su, ki cire 'ya'yan ki jefa ɓawon kawai, don ɗacin a cikin 'ya'yan yake. Gyaɗar miya 2 a gasa a daka, in kina so. Daddawa fa? Ni ina sa ɗan ƙanƙani, rabin ƙulli, tana ba ruwan wani nauyi da dunƙule ba ya bayarwa, amma akwai ƙawata da ta ce sam ba ta yarda daddawa ta haɗu da ƙaguwa ba, kuma nata girkin ma ana lashe tire. Lemun tsami kada ki jefa shi da ɓawonsa tun farko yadda za ki ga ana yi a bidiyo. Namu ƙananan nan masu kore in suka daɗe suna tafasa ɗaci suke saki. Ki matse guda 6 ki ajiye ruwan sai an sauke.

Ki rufe ki bar wannan ruwan ya tafasa shi kaɗai minti 20. A nan ne girkin yake. Idan maƙwabta suka fara atishawa, ya yi.

Daga nan abu ne na jere, mai taurin kai shi ke fara shiga. Masararmu ba irin mai laushin nan ta Turawa ba ce, don haka ita ce farko, ki ba ta minti 20. Sai dankali, a wanke shi da ɓawonsa, minti 10. Sai ƙaguwa, ki jira tafasa ta dawo sannan ki fara ƙirga minti 10 zuwa 12, manya kuma 15. Kada jan da ta yi ya ruɗe ki. Akwai wani sinadarin launi a ɓawonta da zafi yake sakinsa nan da nan, shi ya sa take yin ja tun cikinta bai nuna ba. Agogo za ki bi. Ƙwai ki dafa su daban ki ɓare, ki ɗan tsattsaga jikinsu da wuƙa ki ajiye.

Jatan lande shi ne na ƙarshe, kuma a nan ba a amsa waya. Matsakaita minti 2 zuwa 3, manyan nan masu zane a baya minti 4 zuwa 5. Ki ciro ɗaya ki duba: tsokar ta daina sheƙi ta koma fara, jikin ya lanƙwashe kamar lauje. In kai da wutsiya suka haɗu ya zama da'ira, ya wuce. Da kin ga ya kusa, kashe wuta, ko ki sauke tukunyar in gawayi ne, ki nemi mai kama miki don nauyi gare ta.

Abin da ya rage shi ne wanda yawanci ake tsallakewa, alhali shi ne yake sa ɗanɗano ya shiga. Ki juye ƙanƙara kamar ta lita 2 a cikin tukunyar, ki zuba ruwan lemun tsamin nan, ki jefa ƙwai da ganyen ɗaɗɗoya cikin hannu ɗaya, ki juya a hankali, ki bar komai ya jiƙa minti 10 zuwa 15 a buɗe. Ƙanƙarar tana rage zafin ruwan yadda dahuwa za ta tsaya, su kuma su zauna suna shan romon ta cikin ɓawo. Bayan minti 10 ki ɓare ɗaya ki ci. In gishiri da yaji sun kai miki, kwashe. In da saura, ƙara minti 5. Ƙanƙarar nan ki haɗa ta da kanki tun jiya da ruwan da kike sha, a roba mai tsabta. Bulon ƙanƙarar da ake sayarwa don sanyaya lemo na cikin kula ne, ba na cikin abinci ba. Waɗanda suka ga yadda kwalara ta yi a Legas a 2024 ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Yayin da suke jiƙa sai ki haɗa man yajin da za ki kwaɓa su da shi. Ƙamshin tafarnuwa da zafin barkono a cikin mai suka fi narkewa, shi ya sa ruwa kaɗai ba ya gama aikin. Man shanu soyayye ludayi 2, ko bota in shi kike da shi. Namu man shanun yana da ƙarfi, in baƙinki ba su saba ba ki raba shi biyu da man gyaɗa. A wuta kaɗan, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa dunƙule guda, ki juya har ta yi ƙamshi, kada ta yi ja don za ta yi ɗaci. Ki sa jajjagen tattasai 3 da attaruhu 2, ya soyu kaɗan. Sai ki sauke, sannan ki zuba yajin tsire cokali 4. A sauke ake zuba shi, saboda ƙuli-ƙulin da ke ciki saurin ƙonewa gare shi. Ki ɗebo ludayi ɗaya na ruwan dahuwar ki sassauta shi, ki matsa lemun tsami ɗaya. Kada ki ƙara gishiri sai kin ɗanɗana, yaji da romon duk da gishirinsu. Yajin kuwa ki saya wajen mai tsiren da kika yarda da shi, ko ki daka naki. Na leda da ya kwana biyu a shago warin tsohon mai yake yi.

Ki tsame komai da kwando ya tsane sosai, ki juye a babban baho, ki zuba kashi biyu cikin uku na man, ki girgiza bahon ko ki juya da hannu cikin leda har ko'ina ya samu. Sauran man ki raba a ƙananan kwanoni don dangwale, da busasshen yaji a gefe saboda masu cewa bai ji ba. Kullum akwai su.

Wannan ba abincin faranti da cokali mai yatsu ba ne. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora leda mai faɗi a kai, ki kawo manyan tire, na maza daban a kai musu inda suke zaune, na mata daban. Turawan can a kan jarida suke juyewa, ni ban ga dalilin cin tawada ba. In kina son kwalliya ki wanke ganyen ayaba ki shimfiɗa a kan tiren. Dankali da masara a ƙasa, ƙaguwa a kewaye, jatan lande da ƙwai a sama, yankakken lemun tsami a gefe. Kowane tire ya samu kwanon zuba ɓawo, da almakashi, da ƙaramar taɓarya ko babban cokali na fasa hannun ƙaguwa, da roba ta ruwan wanke hannu da aka matsa wa lemun tsami. Ki sayo biredin Agege mai zafi guda biyu ko uku, ki yayyanka. Man da ya taru a gindin tire da shi ake sharce shi, kuma sau da yawa a kansa ake rigima. Abin sha, zoɓo mai sanyi da citta ya fi komai yanke maiƙo. Kunun aya ma yana kwantar da yaji, sai dai yana cika ciki. Tun wajen gayyata ki faɗa wa mutane kada a sha leshi ko shadda mai tsada, don romo zai yi tsalle.

Ki kula da wanda bai taɓa ci ba, don kunya za ta sa ya ɗauki dankali kawai ya ce ya ƙoshi. Ki zauna kusa da shi ki buɗe ƙaguwa ɗaya a gabansa ba tare da kin mai da abin darasi ba. A ɗaga marfin nan na ciki a cire, a sa babban yatsa ta baya a ɗaga ɓawon sama. Za a ga wasu abubuwa masu laushi launin toka jere a gefe biyu, da su take numfashi, ba a cin su, a cire a yar. Sai a karya jikin biyu, farin naman yana cikin 'yan ɗakunan nan. Jatan lande kuwa a murɗe kai, mai so ya tsotse, a zare ɓawon ta tsagar da kika yi. Tsofaffi da yara ki ɓare musu da kanki a kwano daban. Ɓawon ƙaguwa yana da kaifi, bai kamata a bar ƙaramin yaro da shi ba.

Akwai tambayar da ba a jin nauyin yinta kafin a fara: ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa, ko gyaɗa, tunda yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa. Wannan ba tsirfa ba ce. Wani ƙaiƙayi da ƙuraje kawai zai yi, wani kuwa leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya fara sarƙewa cikin 'yan mintuna. In kika ga haka ba maganar man ja ko madara ba ce, asibiti za a nufa nan take. Mutanenmu da yawa da suka zo daga Arewa ba su taɓa ci ba balle su san yadda jikinsu zai karɓa, don haka sabon shiga ya fara da kaɗan. Wanda kuma ya san yana da matsalar, kada a ce ya ci dankalin ko masarar kawai, duk a ruwa ɗaya aka dafa su.

Lokacin kawowa ma ki lissafa shi. Na fi son a zauna da an idar da La'asar, a ci a wanke hannu kafin kiran Magariba, don ba abinci ba ne da za a tashi a bari a dawo. Dafaffen abin ruwa bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in kuma ana zafin nan na Fabrairu da Maris, awa ɗaya. Abin da ya rage ki ɓare shi nan da nan ki sa a firji, gobe ya shiga soyayyar shinkafa a minti na ƙarshe. In ba ki da tabbacin wuta za ta kwana, ki raba wa baƙi su tafi da shi su sa a nasu firjin kafin lokacin ya cika. Ki tanadi robobi masu murfi, tunda gwamnatin Legas ta hana farin kwanon nan na soso tun Janairun 2024.

Ɓawon kuma kada ya kwana a kwandon shara, musamman in gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, don kafin asuba warin zai haɗa ki da maƙwabta, ga kuliyoyi da ɓeraye. Ki ƙulle shi a leda biyu ki jefa a firiza sai ranar da motar shara za ta zo. In akwai kawunan jatan lande da kika cire tun kafin a kai tire, waɗanda ba wanda ya taɓa, ki soya su a ɗan mai, ki zuba ruwa lita 2 da albasa ɗaya, su tafasa minti 20, ki tace. Da wannan romon nake dafa miyar kuɓewa washegari.